Tarihin Allon Talabijin da Kalmominsa a Ƙetaren Kogin Kaduna

Wanda duk ya tsaya a bakin gadar Kaduna da hantsi, ya saurari yaran mota suna kiran fasinjan da za su ƙetare kogi zuwa kudancin gari, zai ji ana jera sunayen unguwanni ɗaya bayan ɗaya, Kakuri da Maƙera, Barnawa da Narayi, Sabon Tasha da Unguwar Romi, har a kai ga wani suna wanda ba na itace ba ne, ba na dutse ba, ba kuma na wani mai unguwa da ya fara saran daji ba, sunan na'ura ne tsantsa, wato Talabijin. Garin da ake cewa shi kansa daga kaddunan kogi ya samo sunansa, ga shi ya wayi gari da unguwa sukutum, da kasuwarta da tashar motarta, tana amsa sunan akwatin kallo. Kuma galibin masu cewa a sauke su a Talabijin ba su taɓa tsayawa sun tuna cewa kalmar baƙuwa ce, wadda ba ta fi shekara sittin da 'yan kai da shiga bakin Bahaushe ba.

Malamanmu na zaure, idan za su buɗe wa ɗalibi wani fanni, nahawu ne ko fiƙihu ko hisabi, ba sa farawa da mas'aloli masu zurfi, sukan fara ne da isɗilahin fannin, domin sun san wanda bai riƙe sunayen abubuwa ba, ba zai riƙe hukuncinsu ba. To, shi ma allon kallo yana da nasa isɗilahi, sai dai bai zo mana a jere cikin littafi babi-babi ba. A warwatse ya zo, kalma ɗaya bana, wata bayan shekara goma, kuma in mutum ya bi diddigi zai tarar kusan kowace kalma ta shiga bakin jama'a ne ran da abin da take nufi ya ƙi aiki. Muddin hoto na tsaye daram, ba mai tambayar abin da ke riƙe da shi, sai ran da ya fara birgima a gaban baƙi. Saboda haka tarihin waɗannan kalmomi a ƙetaren kogi tarihi ne na ma'aikatan da suka sayi akwatunan da guminsu, da 'ya'yansu da suka sha juya eriya, da masu gyaran da suka kwance bayansu.

Ƙasar da ke kudancin kogin ta Gbagyi ce tun asali, gonaki da 'yan ƙauyuka, har layin dogo ya ratsa ta, aka kafa babbar mahaɗar jiragen ƙasa a wannan gefe, Turawa kuma suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Ofisoshi da gidajen manya suka zauna a arewacin kogi, hayaƙi da ƙugin injuna suka zama rabon kudu. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, cikin 'yan shekaru wasu suka biyo ta, irin su Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, sai ga dubban mutane daga Zariya da Kano da Katsina, da Bajju da Atyap daga kudancin lardin, da Tibi da Idoma da Yarbawa da Ibo, suna shiga aiki da jiniya suna tashi da jiniya, suna karɓar albashi a ƙarshen wata, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su a layin famfo da bakin kasuwa. Waɗannan mutane sun riga sun san hoto mai motsi, domin motar majigi ta gwamnati ta daɗe tana zagaya garuruwa, ta kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, ta haska darasin noman auduga ko na tsabta. Kalmar majigi kuwa, wadda ta samo asali daga sunan da Turawa ke kiran wata tsohuwar fitilar haska hotuna, tana cikin kalmomin farko na wannan fanni da suka sami wurin zama a Hausa, har yau kuma ba ta tashi ba.

A can Turai aikin ya riga ya yi nisa. Tun 1897 wani masani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, ya ƙera kwalbar gilashi wadda aka zuƙe iskar cikinta, ake harba tsinken lantarki daga ƙeyarta ya faɗa a fuskarta ya bar ɗigon haske. A 1926 John Logie Baird ya nuna fuskar mutum tana motsi a allo a birnin Landan. A 1936 BBC ta buɗe shirye-shirye na yau da kullum, ba da jimawa ba kuma ta tsaya a kan tsarin kamfanonin Marconi da EMI mai saɗara 405. Nijeriya ta shiga sahu ran 31 ga Oktoba 1959, da gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe gidan talabijin a Badun, Jihar Gabas ta bi baya a Inugu a 1960, ita kuwa gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, da yake ba ta yarda Arewa ta zauna tana jin labarinta daga bakin wasu ba, sai ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da shi wannan EMI ɗin, aka fara watsa shirye-shirye daga Kaduna a watan Maris na 1962.

Da Bahaushe ya ga fuskar wannan akwati bai wahalar da kansa wajen neman suna ba, ya kira ta allo, sunan da ya aro tuntuni daga Larabci ya ba katakon almajiri. Kuma da ya san abin da ke gudana a bayan gilashin, da ya ƙara sakankancewa bai yi kuskure ba, domin hakika rubutu ake yi. A ƙeyar kwalbar akwai wani ɗan bututu da ake zafafawa ya riƙa fitar da tsinken lantarki, shi ne alƙalamin. A wuyanta akwai naɗin wayoyi masu maganaɗisu da ke karkata tsinken, su ne hannun marubucin. Cikin gilashin kuma an shafe shi da wani sinadari da kan yi haske duk inda tsinken ya taɓa. Tsinken yakan faro daga kusurwar sama ta hagu, saɓanin almajiri da ke farawa daga dama, ya ja saɗara zuwa ɗaya gefen, yana ƙara ƙarfi inda hoton ke da haske, yana sassautawa inda yake da duhu, ya ɗauke, ya komo, ya ja ta ƙasa da ita, haka haka har a cika saɗara 625 ta tsarin da Nijeriya ta ɗauka, wadda 576 daga cikinta ne ke ɗauke da hoton da ido ke gani, sauran kuwa lokacin da alƙalamin ke komawa sama ne. Allon da almajiri zai kwana biyu yana biyawa kafin ya wanke, wannan ana rubuta shi a wanke sau 25 cikin sakan guda.

Dalilin da ya sa ido bai gano wannan dabara ba, yaran ƙauye sun san shi ba tare da sun san sunansa ba, domin duk wanda ya taɓa juya bakin wuta da dare ya ga ya zama zobe, alhali garwashi ɗaya ne ke yawo, ya shaida yadda gani ke riƙe abu ɗan lokaci bayan gushewarsa. Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam, a cikin Kitabul Manaziri da ya wallafa a Misira, ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke shiga ido daga abin da ake kallo, kuma a kan irin wannan harsashi na baya suka yi gini. Sai dai hoto 25 bai isa ya hana allo ƙyaftawa ba, don haka aka raba kowane hoto gida biyu, a rubuta saɗara ta 1 da ta 3 da ta 5 har ƙasa, sa'an nan a komo a cike guraben da aka tsallake, kamar yadda injin saƙa ke ɗaga rabin zaren tsaye ya bar rabi, abin da ma'aikacin Kakuri ya fi kowa saurin ganewa. Da haka allo ke haskawa sau 50 a sakan, daidai da bugun wutar lantarkin ƙasarmu. Saɗara 625 sau 25 kuwa ta ba da 15,625 a kowane sakan, wannan adadi har jin sa ake yi, domin shi ne siririn fiton nan da yara kan ji tun daga zaure su san an kunna akwati a ɗaki, tsofaffi kuma su rantse ba su ji komai ba.

Sharaɗin wannan rubutu shi ne alƙalamin da ke cikin akwati ya riƙa tafiya daidai wa daida da kyamarar da ke ɗakin shiri, saboda haka a cikin saƙon da ake watsowa akan sa wata alama a ƙarshen kowace saɗara, da wata babba a ƙarshen kowane shafi, tamkar ayar da marubuci ke ɗigawa. In akwati ya kuskure babbar alamar, sai hoto ya dinga birgima sama, baƙar ɗamara tana ratsa shi. In ƙaramar ya kuskure, sai hoton ya yage ya zama karkatattun zane, a miƙa hannu bayan akwati a murɗa ɗan maɓalli har ya natsu. Na tuna wani gidan haya a Kakuri mai ɗakuna a jere, inda akwati ɗaya tak ke akwai, a ɗakin wani dattijo mai kula da injin saƙa, akwati mai ƙafa huɗu da ƙofar katako da ake ja a kulle da makulli. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, amma tun ana nuna allon gwaji mai da'ira da murabba'ai muke shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki. In iskar hadari ta kaɗa eriya, sai a tura babban yaron gidan bayan ɗaki ya kama dogon bututun da aka ɗaure ta a kai.

"Baba, ya yi?"

"Bai yi ba, koma hagu kaɗan."

"Yanzu fa, Baba?"

"Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Akwai daren da yaron nan ya ƙare wasan Samanja na Usman Baba Pategi gaba ɗaya yana tsaye riƙe da bututu, dariyarmu kawai yake jiyowa ta taga.

A wannan tsakar gida muka koyi kalmar sigina, muka gane abu ce mai ƙarfi da rauni kamar muryar mai kira daga nesa. In ta yi rauni sai allo ya cika da ɗige-ɗige masu tafasa kamar tsaki a tukunya, a ce sai an sayo busta an ɗaura a gindin eriya. In kuwa ta iso ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ta bugi rufin wata masana'anta ko tankin ruwa ta zo a makare, sai mai karanta labarai ya fito da inuwarsa a gefen dama na allo, domin kafin ta biyun ta iso alƙalamin ya riga ya ɗan gusa. Haruffan VHF da UHF da ke jikin maɓallin kama tasha ba komai ba ne illa zanguna biyu, irin gajeren zango da matsakaici da masu rediyo suka saba da su, sai dai waɗannan sun fi su gajarta nesa ba kusa ba, kuma gwargwadon gajartar zango gwargwadon gajartar sandunan eriyar da za ta kama shi.

Shekarun 1970 su ne suka cika ɗakunan kudancin Kaduna da akwatuna. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata da ariyas ɗinsa a farkon 1975, a shekarar ce kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri. Mai keke ya hau babur, mai rediyo ya ɗauko talabijin. A tsakiyar waɗannan shekaru gidan talabijin na Jihar Binuwai da Filato a Jos ya riga kowa a Nijeriya watsa hoto mai launi, a 1977 kuma gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya, NTA, a shekarar da aka yi bikin FESTAC, Kaduna ta karɓi babban hawan daba na sarakunan Arewa. Daga nan magana ta rabu biyu, mai kala da baƙi-da-fari. Launin allo kuwa asalinsa uku ne, ja da kore da shuɗi: alƙalami uku a wuyan kwalba, ɗigo uku-uku a fuskarta, da wani siririn faranti mai ƙananan huji kamar rariya a tsakaninsu, wanda ke tsare kowane tsinke kada ya faɗa kan ɗigon da ba nasa ba, shi ya sa yaron da ya kusanto da maganaɗisun tsohuwar lasifika kusa da allo yakan bar tabo mai ruwan shunayya a kusurwa, ya kuma sha bulala a kansa.

Babbar mas'alar da ta fuskanci masana ita ce yadda za a aiko da launi ba tare da an mayar da miliyoyin tsofaffin akwatuna tarkace ba, kuma amsar da suka samu wadda marubutanmu na gargajiya suka daɗe da sani ce. Marubuci yakan zana baƙaƙe da baƙar tawada, sa'an nan ya bi su da jar tawada ya sa wasali. Wanda ya iya karatu zai karanta baƙaƙen ko ba wasali, wanda kuma ya sami duka biyun ya sami cikar rubutu. Haka aka raba sigina: saƙon haske da duhu daban, shi ne baƙaƙen, kowane akwati na karanta shi; saƙon launi kuma aka ɗora shi a kan wani ɗan ƙaramin zango a cikin na farkon, shi ne wasalin, tsohon akwati ya wuce shi bai ko san da shi ba.

A kan yadda za a sa wannan wasali ne aka sami saɓani, duniya ta rabu mazhaba uku, kowace da shaihinta da mabiyanta. Amurka ce ta fara a 1953 da tsarin NTSC mai saɗara 525, Japan ta bi ta, sai dai yana da illa guda, launi kan gurɓata a hanya har fuskar mutum ta koma kore, dole aka sa wa akwatunansu maɓallin gyara launi. Walter Bruch na kamfanin Telefunken a Jamus ya fito da PAL a 1963, wanda ke juya wani sashe na saƙon launi a kowace saɗara, akwati kuma ya ajiye saɗarar da ta gabata ya yi muƙabalarta da mai bi mata, kamar yadda malamai ke muƙabalar kwafi biyu na littafi, kuskuren wannan ya kashe na waccan. Henri de France kuma ya fito da SECAM, wanda ke aiko da saƙonnin launi biyu bi da bi, ɗaya a kowace saɗara. A 1967 Ingila da Jamus ta Yamma suka fara da PAL, Faransa da Tarayyar Sobiyat da SECAM, kuma ƙasashen Afirka galibi kowace ta bi sawun wadda ta mulke ta: Nijeriya PAL, Nijar SECAM. Sai ga Katsina da Maraɗi, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, amma wanda ya kamo tashar ƙetaren iyaka da akwatinsa, in ma hoton ya fito, ba launi.

Mutumin Kakuri bai damu da wannan saɓani ba sai da bidiyo ta shigo. Sony ta fito da Betamax a 1975, JVC ta fito da VHS a 1976, ta biyun ta cinye kasuwa, kuma cikin shekarun 1980 alhazai da fatake suka riƙa shigo da ita daga Jidda da wasu wurare. Nan ne aka gane kaset ɗin Amurka ba ya tsayuwa a na'urar PAL, na Faransa kuma yakan fito ba launi, har ya zama na'urar da ta fi daraja ita ce wadda aka rubuta wa sunayen mazhabobin uku a goshi. A cikinta akwai wata ganga ta ƙarfe mai sheƙi, a ɗan karkace, tana juyawa sau 25 a sakan, da ƙananan kawuna a jikinta masu karanta saɗarorin da aka rubuta a gicciye a kan zaren kaset. In ƙurar hunturu ta toshe kan, ko raɓar damina ta sa zaren ya yi fumfuna, sai hoto ya ɓace murya ta saura, a buɗe murfi a goge da farar takarda da ɗan sifirit, in kuma kan ya kauce wa saɗararsa, fararen zane suka ratsa allo, sai ka ji ana cewa a gyara tirakin. Da 'yan wasan Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suka biyo baya, shagunan hayar kaset suka bazu daga Maƙera har Sabon Tasha, sai aka koyi wani darasi: kwafin kwafi ba ya kai asali, kamar labarin da ya bi bakuna da yawa, kuma launi ne ke fara zuba ya fita daga iyakar rigar ɗan wasa, domin wasali ya fi baƙi rauni. A zamanin ne kuma kowane yaro ya haddace wayoyin AV guda uku: rawaya ta hoto, wadda ke ɗauke da baƙi da wasali a haɗe, fara da ja kuma na murya.

Duk waɗannan kalmomi daga teburin mai gyara suke fitowa kafin su shiga gidaje. Shagon mai gyara a wancan zamani ba ya rasa abu uku: ƙarfen narka dalma, da mitar auna wuta, da babban madubi jingine a gaban akwati, domin shi yana baya hannunsa cikin wayoyi, ta madubin yake ganin abin da allo ke yi. Abin da ya fara koya wa yaronsa shi ne tsoron jar wayar da ta fito daga filaibak ta manne a jikin kwalba, domin a akwati mai kala tana ɗauke da wuta wajen bolt 25,000, kuma kwalbar na iya riƙe ragowarta ko bayan an zare filogi. Hawa da saukar wutar lantarki suka koya wa gidaje kalmar sitabilaiza, ɗaukewarta ta koya musu janareta. Sa'an nan da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sabon akwati ya gagari ma'aikaci, kasuwa ta koma kayan Beljiyam, tsofaffin akwatunan Turai masu wani faffaɗan soket mai huji 21 da ake kira SCART, waɗansu kuma su kamo hoto garau amma ba murya, saboda tazarar da ke tsakanin zangon hoto da na murya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai mai gyara ya canza wata 'yar aba da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, akwatin ya buɗe baki.

Farkon wannan ƙarni ya zo wa kudancin Kaduna da jarrabawa. Rikicin shekarar 2000 ya raba maƙwabtan da suka yi shekaru suna kallo a tabarma ɗaya, wasu suka ƙetare kogi zuwa arewa, wasu suka ƙetaro kudu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, jiniyoyin Kakuri suka yi shiru. A daidai wannan lokaci shi ma hoton ya sauya ɗabi'a, ya bar tsarin igiyar da ke hawa da sauka ya koma lissafi, wato dijital, inda ake yanka shi ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, a ba kowanne lamba, a kuma matse lambobin ta hanyar aiko da abin da ya canza kawai tsakanin hoto da mai bi masa. Faifan VCD yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, shi ya sa fuskoki ke fashewa murabba'i-murabba'i in ana rawa, kuma da yake bai ɗaukar fiye da sa'a ɗaya da 'yan mintoci, dogon fim sai faifai biyu; DVD ya zo da 720 da 576, ya kuma haɗiye fim ɗin a faifai guda. Matasan da da masaƙa za ta ɗauka, da yawansu suka buɗe gidajen kallon ƙwallo da benci da janareta, wasu suka koyi ɗaura dish, suna hawa rufi da sufana suna neman tauraron ɗan adam, wani a ƙasa yana karanto musu lambar ƙarfin sigina daga dikoda.

Ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya sun yi yarjejeniya a Janiba a 2006 cewa za a bar tsohon tsari kafin 17 ga Yuni 2015. Nijeriya ba ta cim ma wa'adin ba, amma ta fara a Jos ran 30 ga Afrilu 2016, garin da ya fara launi, sa'an nan ta ƙaddamar a Kaduna a watan Disamba na 2017, bisa tsarin da ake kira DVB-T2, wanda ke cusa tashoshi da yawa a zangon da da tasha ɗaya ke cikawa. A wannan sabon tsari, saɓanin mazhabobin uku ya zama tarihi, birgima da inuwa da tsaki suka gushe, wata sabuwar illa ta maye gurbinsu. Tsohuwar sigina tana da haƙuri, takan raunana a hankali, mutum ya ƙura ido cikin tsakin ya ƙarasa labarai. Ita sabuwar ba ta san tsaka-tsaki ba, ko dai hoto garau, ko ya daskare ya farfashe, allo ya yi baƙi ya rubuta cewa babu sigina, kuma masu dish sun san ruwan farko na Afrilu ba ya zaɓen lokacin saukowa sai ana shirin bugun fanareti.

Akwati mai doro ya ba da wuri ga shafaffen allo, jama'a kuma suka raɗa wa dukkan shafaffu suna ɗaya, filasma, alhali manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma ta gaske tun wajen 2014. Abin da ke rataye a bangon falo yau galibi LCD ne, wato miliyoyin ƙananan tagogi, kowace da ɓangare ja da kore da shuɗi, suna buɗewa da rufewa a gaban wata fitila da ke baya; in fitilar ta ƙananan ƙwayaye ce a jere sai a kira shi LED, allon kuwa shi ne dai. Siffarsa ta tashi daga 4 bisa 3 ta koma 16 bisa 9, incinsa daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, wayoyin AV uku kuma sun koma waya ɗaya, HDMI, mai ɗauke da hoto da murya a lissafe. A nan ne sanin isɗilahi ya zama garkuwar aljihu, domin cikakken HD ɗigo 1,920 ne sau 1,080, wato miliyan biyu da 'yan kai, 4K kuwa 3,840 sau 2,160, fiye da miliyan takwas, alhali ƙananan alluna masu araha da yawa 1,366 ne sau 768, ko da an manna wa kwalinsu wace irin takarda. Wanda ya san ya tambayi adadin ɗigo, ba za a sayar masa da kura da fatar akuya ba.

Kwanan baya na kai nawa allon wani shago a Talabijin, murya na fita amma fuska baƙa wuluk. Mai shagon dattijo ne da ya fara sana'ar tun zamanin kwalba, tsofaffin akwatuna masu doro jibge a lungu, kaza ta yi ƙwai a cikin ɗaya. Bai taɓa sukudireba ba, sai ya ce wa yaronsa ya kunna allon, ya miƙa masa tocila.

"Haska nan, kusa da gilashi. Me ka gani?"

"Maigida, ga mutum can yana motsi, dishi-dishi."

"To, allo lafiya lau, fitilar baya ce ta mutu. Malam, ka koyi sabuwar kalma yau, baklait sunanta, ka dawo jibi."

Na tambayi yaron ko ya taɓa ganin hoto yana birgima, ya ce a'a, sai dai a labari wajen maigida. Babban madubin nan yana nan, amma an rataye shi a bango kusa da ƙofa, a gabansa yaron ya tsaya ya gyara hularsa kafin ya raka ni bakin titi, inda yaran mota ke kiran masu ƙetare gada.